Oksimitar yatsa a hannun iyayen yaro marar lafiya

Duk iyayen da suka yi jinyar ƙaramin yaro mai fama da ciwon huhu mai tsanani sun san allon nan da ake kafewa a gefen gado, wanda lambobinsa ke hawa suna sauka, zuciyar uwa kuma tana bin su. Oksimitar yatsa da ake sayarwa don amfanin gida ƙanwar wannan na'ura ce: ɗan abin maƙalawa ne mai aiki da ƙananan batura biyu, a maƙala shi a yatsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini da kuma saurin bugun zuciya. Na sayi ɗaya lokacin da aka kwantar da ɗana ɗan shekara biyu, kuma na yi aiki da ita a asibiti da bayan sallama.

Dabarar da ke cikinta ta samo asali ne daga wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, a farkon shekarun 1970. Na'urar tana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, kuma da yake jinin da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba sun bambanta wajen shanye waɗannan hasken, sai ta lissafa ta fitar da lamba. Mai lafiya yakan nuna kashi 95 zuwa 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ɗauki abin da ya gaza 90 a matsayin alamar cewa yaro yana bukatar a sa masa oksijin. Ba ƙaramin al'amari ba ne a ce na'ura mai shiga aljihu tana iya nuna wannan, ganin cewa ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000 a shekarar 2019.

Matsala ta farko ita ce girma. Wadda aka fi samu a kasuwa ta manya ce, yatsan ɗan shekara biyu kuwa ba ya cika ta, haske yana zurarewa ta gefe, sai lambar ta yi ta tsalle ko allon ya ƙi nuna komai. Ba banza ba asibiti ke amfani da ɗan madauri mai laushi da ake naɗawa a babban yatsan ƙafa ko a tafin ƙafar jariri. Ko ta yara da na koma na saya, wadda ta fi zama daram, tana rikicewa idan yaron yana kuka yana fizge hannu ko kuma yatsunsa sun yi sanyi, alhali yaro marar lafiya ba ya rabuwa da ɗayan biyun. Sai yana barci, hannunsa da ɗumi, an kuma jira lambar ta tsaya wuri ɗaya, sannan take zuwa kusa da abin da na'urar asibiti ke nunawa.

Matsala ta biyu ta fi nauyi, kuma takardar da ta zo a cikin kwalin tawa ba ta ambace ta ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2020 ya gano cewa oksimita tana kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata, wato takan nuna lamba mai kwantar da hankali alhali oksijin da ke cikin jini ya yi ƙasa. A 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a kan iyakokin na'urar. Haka kuma yaron da jininsa ya yi ƙasa sosai yana iya nuna 97 yana cikin haɗari, domin na'urar ba ta auna yawan jinin kansa.

A cikin asibiti, ra'ayina shi ne amfaninta kaɗan ne, damuwar da take jawowa kuma ta fi yawa. Mahaifiyar ɗana takan maƙala masa ita da tsakar dare, ta ga 91, ta ɗaga kai ta ga allon gado yana nuna 95, barci ya ƙaurace mana mu biyu. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata cikin taushin murya, "Maman yaro, ki dubi numfashinsa tukuna, lambar ta biyo baya." Ita ce ta koya mana ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya: daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50 ko sama da haka ya yi sauri, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ta nuna mana yadda ƙasan ƙirji ke faɗawa ciki idan yaro yana shan wahalar jan iska, ta ce wannan, ko ƙin shan komai, ko jijjiga, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ba ya jiran shaidar wata na'ura.

Bayan sallama ne oksimitar ta biya kuɗinta. A makonnin farko, lokacin da kowane tari ke tayar da hankalin gida, samun lamba mai ƙarko a lokaci ɗaya kowace rana ya ba mu abin rubutawa mu kai wa likita, shi kuma ya faɗa mana lambar da idan an sauka ƙasa da ita za mu dawo ba tare da jinkiri ba. Wanda zai saya ya nemi wadda aka yi don yara, mai nuna layin bugun jini a allo domin a gane ko ta kama yatsan da kyau, kuma kafin a bar asibiti ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta gwada ta tare da ta gado a lokaci guda, ya rubuta tazarar da ke tsakaninsu.