Garejin da ya gyara birkin hannu da boris ɗin tsohuwar motata

Na kai wa wannan garejin tsohuwar motar gudu mai kujera biyu, ƙirar 1991, saboda birkin hannu ya daina riƙe ta a gangara, kuma tayar baya tana gurnani da ke ƙaruwa da gudu. Bakaniken ya ɗaga motar, ya girgiza tayar da hannu, nan take ya gane boris, wato ƙarfen da ke sa taya ta juya sumul, ya ci. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga ɗaure wayar birkin ba, sai da ya kwance ta ya nuna mini tsatsar da ta hana ta motsi, sannan ya sauya ta. Sabon boris ɗin kuwa da injin matsi ya shigar da shi, bai taɓa guduma ba. Aibinsu jinkiri wajen samo kayan gyara.