IC-7300 a zangon mita 4: na'ura mai kyau, amma ka san doka kafin ka danna makirufo

Jama'a masu sha'awar rediyon amacha, wato masu oba-oba na gida da lasisi, ga abin da na gani da Icom IC-7300 a zangon 70 MHz, wanda ake ce wa mita 4, nan Ingila inda nake zaune.

Abu na farko, kuma shi ne ya fi muhimmanci wallahi, ba kowace IC-7300 ce ke watsawa a mita 4 ba. Ta Turai ce ke da shi, wat 50 take bayarwa a nan, a HF (zangunan gajeren zango) da mita 6 kuma wat 100. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka ba ta da shi don su can ba a ba su zangon ba kwata-kwata, to in za ka sayi ta hannu a intanet ka tambayi mai sayarwa wace iri ce tun kafin kuɗi su bar aljihunka.

Abin da ya sa na ƙaunace ta shi ne allonta. Mita 4 zango ne mai shiru, daga 70.000 zuwa 70.500 MHz ne kawai, sai ka wuni ba ka ji ko tari ba, da tsohuwar rediyo sai dai ka yi ta murɗa kana lalube, amma wannan tana nuna maka zangon a allo, da wani ya taso za ka ga layinsa sai ka taɓa wajen da yatsa ka same shi. Lokacin bazarar nan, daga Mayu zuwa Agusta, in Sporadic E ya buɗe, wato yanayin da sararin sama ke dawo da sigina ƙasa har ta kai nesa, sai ka ga allo ya cika kamar kasuwa ranar ci, ga Sifen ga Kuroshiya ga Sulobeniya ga Folan, wani lokaci har gidajen rediyon FM na gabashin Turai da ke tsohon zangon 65.9 zuwa 74 MHz su shigo da kiɗansu, ni da na ji su na san hanya ta buɗe sai in yi maza in kira a 70.200. Kuma duk wannan da eriya dayifol ne, wato mai hannu biyu, da tsawonta bai wuce kamar mita 2 ba, da waya na haɗa abata. FT8 ma, wato tsarin aika gajeren saƙo ta kwamfuta, ba wahala, kebul ɗin USB ɗaya tsakaninta da kwamfuta shi ke nan, ka tafi 70.154.

Inda ta ɗan gaza min, ramin eriya ɗaya tal gare ta, HF da mita 6 da mita 4 duk nan, dole ka sayi suwic ko ka dinga kwancewa. Mita 2 kuma babu.

Yanzu doka, don nan ne nake ganin sababbi na sakaci. Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, ke ba da lasisi bayan ka ci jarabawar RSGB, wato ƙungiyar 'yan amacha ta ƙasar, matakai uku ne. Tun sauyin 2024 mai Foundation wat 25 aka yarje masa, Intermediate wat 100, mai Full kuma a wannan zangon iyakarsa wat 160. Ka ga ke nan mai Foundation dole ya rage ƙarfin na'urar zuwa rabi, don tana iya 50 ba shi ne izini ba. Sannan mu baƙi ne a mita 4, matsayi na biyu muke da shi, sharaɗin shi ne kar mu dami sauran masu amfani da shi a cikin ƙasar ko wajenta, in an samu cikas mu ne za mu kauce. Ka dinga faɗin kolsayin ɗinka, wato lambar kiran da ke kan lasisinka, ba a ɓoye magana da lambar sirri, ba a sa waƙa, ba a talla. FM ana kira a 70.450, in an amsa maka ku matsa wata tasha ku bar wa wasu wajen, wannan ba Ofcom ta sa ba, tsarin 'yan amacha ne kuma ladabi ne da nake so mu riƙe.

Masu tambaya ta ko za su iya tafiya da ita gida su kunna, don Allah a yi hattara. Mita 4 ba ya cikin rabon da ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta yi wa 'yan amacha, kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta, Birtaniya tun 1956 ta bayar, Afirka ta Kudu da Ireland da Denmark suna da shi, Faransa da ke maƙwabtaka da mu ba ta da shi. Lasisin Ofcom ba zai tsaya maka a Kano ko Maraɗi ba, sai ka nemi na hukumar ƙasar ka karanta zangunan da aka rubuta a ciki.

In kana Ingila kuma kana son HF da mita 6 da mita 4 a akwati ɗaya, saye ta. Ka fara gwadawa daren Alhamis ta uku a wata lokacin gasar RSGB ta 70 MHz, ranar ce ba ka rasa wanda zai amsa maka.