Fom ɗin rahoto na Lipidomics Standards Initiative: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

A shekarar 2022 ne masana da ke ƙarƙashin Lipidomics Standards Initiative, haɗakar masana da ke tsara ƙa'idojin auna sinadaran maiƙo na jiki, suka gabatar da wani fom na intanet a mujallar Nature Metabolism, mai suna Lipidomics Minimal Reporting Checklist, domin duk wanda ya auna sinadaran maiƙo da na'urar tantance nauyin ƙwayoyin sinadarai ya bayyana dalla-dalla yadda ya yi aikinsa kafin ya miƙa wa mujalla. Kyauta ne, sai dai ana buƙatar yin rajista, kuma idan an kammala cikewa yana fitar da takardar PDF da za a haɗa da maƙala. A ganina kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, muddin ba a ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Dalilin ƙirƙiro shi ba ɓoyayye ba ne. A 2017 Journal of Lipid Research ta wallafa sakamakon wani gwaji da hukumar NIST ta Amurka, mai kula da ma'aunai, ta jagoranta, inda aka raba wa ɗakunan gwaje-gwaje 31 ruwan jini iri ɗaya, wanda ake kira SRM 1950. Gaba ɗaya sun ambaci sinadaran maiƙo 1,527, amma 339 kaɗai ne aƙalla ɗakuna biyar suka auna. Idan samfur ɗaya ya haifar da wannan saɓani a hannun ƙwararru, mai karatun da ba a faɗa masa hanyar da aka bi ba, zai kasa gane ko bambancin da ake nuna masa daga cuta ya fito ko daga na'ura.

Fom ɗin yana bin aikin daki-daki: tsarin binciken, yadda aka ɗebi samfur aka adana shi, hanyar tatsar maiƙon, ko ta Folch ce ta 1957, ko ta Bligh da Dyer ta 1959, ko ta sinadarin narkarwa na MTBE, sannan na'urar da aka yi amfani da ita, sai tantance sinadari da auna yawansa. Tambayoyin suna sauyawa gwargwadon amsar da aka bayar, saboda haka wanda bai bi wata hanya ba, ba a wahalar da shi da tambayoyinta.

Inda ya fi burge ni shi ne sashen tantancewa, domin a nan ne marubuta suka fi yin iƙirarin abin da ba su gani ba, sau da yawa ma ba da gangan ba. Bisa tsarin taƙaita sunaye da Gerhard Liebisch da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 suka kuma sabunta a 2020, idan aka rubuta PC 34:1 ana nufin an san ajin sinadarin, wato PC (phosphatidylcholine), da jimillar kabon da ke sarƙoƙin kitsensa biyu (34) da yawan haɗin kabon mai ninki biyu da ke cikinsu (1) kawai. Idan aka rubuta PC 16:0_18:1 an san sarƙoƙin biyu, amma ba a san matsayin kowace a jikin giliserol, wato ginshiƙin da suke maƙale da shi, ba. Idan kuma aka rubuta PC 16:0/18:1, to an yi iƙirarin sanin matsayin ma, alhali yawancin hanyoyin aunawa na yau da kullum ba su kai ga tabbatar da hakan ba. Manhajojin tantancewa sukan fitar da cikakken suna, ɗalibi ya kwafa ya zuba a jadawali, edita ya wuce. Fom ɗin yana tilasta wa marubuci ya faɗi, aji bayan aji, wane mataki ya kai da kuma waɗanne gutsattsarin sinadari ya dogara da su. Haka nan yana tambayar wane ma'auni sananne, wato sinadarin da aka san yawansa don a kwatanta da shi, aka zuba cikin samfur domin kowane aji, kuma wanda ya auna aji goma da ma'auni ɗaya tilo zai ga raunin aikinsa a rubuce kafin mai bita ya gani.

Sashen adana samfur ya shafi masu bincike a jami'o'inmu kai tsaye. Ruwan jinin da ya jima a zafin ɗaki yana sauyawa, domin wasu sinadaran suna ƙaruwa, masu rauni kuma iska tana lalata su. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa, ko ake aika samfur wata ƙasa domin aunawa, tambayar zafin ma'ajiya da yawan narkewa da sake daskarewa tana da ɗaci, amma amsarta ta gaskiya ta fi shiru daraja.

Fom ɗin yana da nasa naƙasu. Cike shi yana cin lokaci idan ajin sinadaran suna da yawa, da Turanci kawai yake, kuma wanda ya biya wani kamfani ya auna masa zai tarar ba shi da amsoshi da dama sai ya koma ya nema. Wanda ke auna kolestarol da kayan gwajin asibiti ba shi da buƙatarsa. Ba ya kuma maye gurbin sauran ƙa'idojin rahoto: na CONSORT ne suka dace da gwajin magani a kan mutane, ARRIVE kuma da gwaji a kan dabbobi.

Babbar iyakarsa ita ce abin da aka rubuta masa kawai yake karɓa, ba ya bincikar ko gaskiya ne, kuma ba ya taɓa hotunan da aka yi wa kwaskwarima ko kuɗin da aka ɓoye tushensa. Fagen maiƙo yana da tarihi a wannan batu: a 2016 mujallar JAMA Internal Medicine ta bayyana cewa wata gidauniyar masana'antar sukari ce ta biya masanan Harvard kuɗin bitar da suka wallafa a New England Journal of Medicine a 1967, wadda ta sassauta wa sukari ta ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse, ba tare da an sanar da masu karatu ba. Irin wannan aikin editoci ne da ƙa'idojin COPE, ƙungiyar kula da ɗa'ar wallafa bincike da aka kafa a 1997, kuma mujallar da ta karɓi takardar fom ba tare da ta nemi ɗanyen bayanan na'ura a rumbun da kowa zai iya dubawa ba ta yi rabin aiki ne kawai.

Shawarata ga ɗaliban digiri na biyu da na uku da malaman da ke duba su ita ce su buɗe fom ɗin tun kafin a ɗebi jinin farko, su karanta tambayoyin a matsayin tsarin aiki. Ma'aunin da ba a zuba ba a ranar tatsa, da zafin firjin da ba a rubuta ba a makon da aka yi babu wuta, ba za a iya samo su ba a ranar da edita ya tambaya.