Rumfa, randa ko fanka: me za ka saya wa dabbar gidanka kafin bazara ta kankama?

Duk mai kiwon kare, kyanwa, zomo ko tantabara a Sakkwato, Maiduguri, Yola ko Damagaram ya san watannin da hankalinsa ke tashi: daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko. Lokacin ne zafi ke haura digiri 40 da rana tsaka, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi ta fitar da gargaɗi, wutar NEPA kuma ta ga dama ta ɗauke. A Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma mu da su duk sahu ɗaya muke a bakin Sahara. 'Yan kasuwa sun hango ciniki a nan, shi ya sa intanet ta cika da tallar tabarmar sanyi, rigar sanyi ta kare, fanka mai caji da makamantansu. Wasu kayan suna aiki. Wasu kuwa an ƙera su ne don ƙasashen da digiri 30 ke sa a rufe makarantu. A ganina, kuɗinka su fara tafiya kan abin da ba ruwansa da wuta, in ya so abin da ya rage ka sayi na'ura.

Sai dai kafin ka taɓa aljihu, ka san ta inda dabbar ke fitar da zafi, don nan ne mutane ke yin asara. Kare ba ya gumi irin namu, in ban da ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Haki ne hanyarsa: iska ta bi ta kan jiƙaƙƙen harshe, danshin ya tashi ya tafi da zafi. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 ne zuwa 39, in ya kai 41 kuma ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa sun fara shiga haɗari. Kyanwa tana lasar jikinta ne yawun ya bushe ya sanyaya ta, kuma in ka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, to abin ya riga ya yi nisa. Zomo ba ya gumi, hakinsa ma bai taka kara ya karya ba, da jijiyoyin kunnuwansa yake rage zafi, don haka da an wuce digiri 30 ya fara jigata. Tsuntsu kuwa, tantabara ko aku ko kanari, sai ya buɗe baki ya saki fukafukai, in ya samu ruwa ya yi wanka.

Jinsi ma yana da nasa. Karen gida da karen farauta, da Azawakh na Abzinawan Nijar da Mali, siraran jiki ne masu gajeren gashi, ƙasar nan ce ta haife su. Amma Caucasian da ake yayi yanzu don gadi, asalinsa daga duwatsu masu dusar ƙanƙara ne. German Shepherd gashinsa ninki biyu ne. Rottweiler da Boerboel nauyi ne ke cutar da su. Mafi tausayi su ne masu dakakken hanci, irin Bulldog da Pug da kyanwar Farisa, domin hanyar numfashinsu ƙunci gare ta, hakin ma ba ya yi musu daɗi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan kake da shi, lissafinka daban ne da na maƙwabcinka mai karen gida.

Rufin da ke kansa

Yawancin karnukan gadi a garuruwanmu suna wuni ne cikin keji na ƙarfe da mai walda ya haɗa, an rufa masa langa-langa, an ajiye shi bakin get inda babu ko ganye. Ka ɗora hannunka kan wannan kwanon da ƙarfe biyu na rana, ba za ka iya barinsa ba. Kwanon yana shan rana yana juye ta kai tsaye a kan dabbar, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta wuce kamu uku ko huɗu ba. Duk fankar da ka kunna a wannan keji, iskar wuta kawai za ta kaɗa masa.

Zaɓi uku ne a gabanka. Na farko, rumfar zana ko ta bunu, wadda za a kafa sama da kejin da tazarar da iska za ta ratsa tsakani. Ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi sanyi, don ciyawa ba ta riƙe zafi kamar ƙarfe. Aibinta gara da iskar farkon damina, sai ka shirya sabunta ta kusan kowace shekara, ka kuma nisanta ta da murhu da janareta. Na biyu, koriyar ragar nan da masu rainon shuke-shuke ke amfani da ita. Ana sayar da ita da mita, kuma akwai mai tare rabin rana, akwai mai tare kashi 80 ko 90 cikin 100. Mai kaurin za ka nema. Ta fi zana ɗorewa, iska na ratsa ta, amma ba ta tare ruwa. Na uku, ka bar kwanon yadda yake ka sa kafinta ya yi masa silin na katako daga ciki, sannan a shafe samansa da farin fenti. Wannan ya fi tsada, amma aiki ne na shekaru. A Kano duk kayan nan za ka same su tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari.

Tamfol na leda, musamman baƙi ko shuɗi, kar ka yarda da shi. Inuwa yake bayarwa a ido, amma yana kulle iska. In kuma kana da darbejiya ko mangwaro a tsakar gida, ka ja kejin ƙarƙashinsa ka riƙe kuɗinka. Abu ɗaya da ake mantawa: inuwa tafiya take yi. Wurin da yake lumus da hantsi, bayan azahar rana ce tsagwaronta. Ka duba wurin da ƙarfe uku kafin ka kafa komai, musamman in karen a ɗaure yake ba zai iya bin inuwar ba.

Mazubin ruwa

Kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 30 zai sha kusan lita biyu, a bazara kuma ya wuce haka nesa ba kusa ba. Kwanon silba da ake sayarwa a shagunan kayan dabbobi yana da sauƙin wanki, amma kafin la'asar ruwan ya koma kamar na shayi. Roba mara nauyi kare na ture ta da ƙafa ɗaya, ya wuni babu ruwa kai kana kasuwa. Kasko na yumɓu ya fi su duka biyu. Ruwa na tsattsafowa ta jikinsa yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya abin da ke ciki, kamar dai randar gida. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ka sayi kasko mai faɗin gindi, ka binne rabinsa cikin yashi mai danshi a inuwa. Ka sayi biyu ma, don ba su da tsada. Sharaɗinsa wanki kullum, in ba haka ba gansakuka da sauro za su mai da shi gida.

Tantabaru kuwa mazubi biyu suke so: mai ɗan zurfi na sha, da faffaɗan tasa mara zurfi na wanka, wanda za ka zubar da ruwan da zarar sun gama.

Inda zai kwanta

Tabarmar sanyi ita ce aka fi tallatawa. Cikinta wani abu ne mai kauri kamar kamu, wanda ke zuƙe zafin jikin dabba idan ta kwanta, ya yi 'yan sa'o'i, sannan ya buƙaci hutu a wuri mai sanyi kafin ya sake aiki. Matsalar a nan take. A ɗakin da yake digiri 40, tabarmar ma digiri 40 take, ba ta da inda za ta sauke zafin. Tana da amfani ga kyanwar da ke kwana a falo mai silin da fanka. Ga karen tsakar gida asarar kuɗi ce, balle ɗan kwikwiyo da zai fasa ta da haƙori a daren farko.

Abin da ya fi ta a wajenmu tayil ne. Ka sayi babban tayil ɗaya ko biyu, ko ragowar da aka yanke a wurin gini, ka ajiye a kejin zomo, za ka ga ya miƙe a kai ya baje ciki. Kare kuma ka zuba masa yashi a kusurwar inuwa kana yayyafa ruwa safe da rana, shi da kansa zai tona rami ya kwanta. Ka riƙa canza yashin saboda kaska. Sai gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka daskarar, a naɗe ta da tsohon zane a jingina a keji. Ga zomaye babu abin da ya kai wannan, in dai kana da firji ko mai ƙanƙara a unguwa. Buhun algarara jiƙaƙƙe da aka rataya ta gefen da iska ke shigowa shi ma yana rage zafi sosai, amma a jikin kejin za a rataya shi, ba a lulluɓa wa dabbar ba, kuma kar ƙasan kejin zomo ya jiƙe.

Masu cin wuta

Fanka mai caji tana cin wat 15 zuwa 30, ƙaramin faifan sola ma zai riƙe ta. Amma fanka tana sanyaya mu ne saboda muna gumi. Busasshen kare ba ya samun rabin abin da kake samu, sai ka jiƙa masa ciki da ƙirji da ƙafafu, ko ka sa ta tana hura jiƙaƙƙen buhu. In za ka saya, ka tambayi sa'o'in da take yi a kan gudu mafi ƙarfi, don lambar da ke jikin kwali yawanci ta mafi ƙanƙantar gudu ce. Ka zaɓi wadda ake iya canza wa batir, ka kuma ɓoye wayar, zomo ba ya ganin waya ya ƙyale.

Fankar ruwa, wadda 'yan kasuwa ke kira kula, ita ce ta fi dacewa da irin zafinmu. Tana jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, kuma gwargwadon bushewar iska gwargwadon sanyin da take bayarwa. A Maris da Afrilu, lokacin da leɓe ke tsagewa, tana sauke zafin ɗaki da digiri da dama, ga shi ba ta wuce wat 60 zuwa 150 ba, ƙaramar inbata za ta ɗauke ta. Da hadari ya fara haɗuwa a Mayu da Yuni iska ta yi nauyi, ƙarfinta sai ya ragu. Kuma dole a bar taga a buɗe, in aka kulle ɗaki danshi ya taru, hakin kare ya daina yi masa amfani. Mutanen Legas da Fatakwal ba su da abin yi da ita, mu ne take yi wa rana.

Esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi kowa sanyi, babu gardama. Mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wat 750 zuwa 900, wato sai janareta ko sola mai ƙarfi. Haɗarinsa shi ne ka kulle dabba a ɗaki ka dogara da shi, a ɗauke wuta bayan fitarka. Wanda ya sayi Bulldog ko kyanwar Farisa a Sakkwato ya riga ya sa hannu kan wannan kashe kuɗin, da kuma wanda zai zauna a gida ya lura.

Rigar sanyi ta kare tana aiki muddin tana jiƙe, da ta bushe ta zama bargo. Injin aski ma ka bar shi a shago. Aske German Shepherd ƙwal yana fallasa fatarsa ga rana ne, buroshi mai cire mataccen gashin ciki ya fi, kuma ya fi araha.

In kuɗin kaɗan ne, mai kare ya yi rumfa, kasko biyu da yashi. Mai zomo ya ƙara tayil da gorar ƙanƙara. Mai tantabara ya rufe saman gidansu da zana, ya buɗe musu kafofin iska ta sama. Mai kyanwa sau da yawa ba ya buƙatar komai sai ya bar mata ƙofar banɗaki a buɗe da ruwa a wurare biyu, ita ta fi ka sanin inda sanyi yake a gidan.

Sayayya ta ƙarshe ita ce ma'aunin zafi na kemis, da lambar likitan dabbobi a wayarka. Jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi, manyan birane kuma suna da asibitocin gwamnati. In ka ga haki ya ƙi tsayawa, yawu na dalala, dasashi ya yi jajir, dabbar na tangaɗi ko amai, ka kai ta inuwa, ka kwara mata ruwan randa ko na famfo, ka kunna fanka a kanta, sannan ku kama hanya, gilasan mota a sauke. Kar ka bar ta cikin motar ka shiga wani wuri, don cikin minti 10 zafin motar da aka rufe kan ƙaru da kusan digiri 10. Kar kuma ka ba ta Panadol da sunan zazzaɓi. Ba ya sauke irin wannan zafin, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe kyanwa.