Peugeot 504 ta Katsina ko Mercedes W123 ta Jamus: ina tsatsa take ɓuya a kowacce?

Malam, ka yi tambaya a kan tsofaffin motoci biyu da dillalai suka nuna maka. Ta farko Peugeot 504 ce haɗin Kaduna, wadda ta yi shekaru a hannun wani dattijo a Katsina har fentinta ya koɗe. Ta biyu kuma Mercedes 230E ce, ƙirar W123, da aka shigo da ita daga Jamus ta Kwatano, ta zauna a Legas, kuma ba a daɗe da yi mata sabon fenti ba. Ka ce injinansu lafiya lau suke, tsatsa ce kawai take ba ka tsoro. Tsoron nan naka yana kan hanya, domin inji da giya ana sauke su a ɗora wasu, amma waɗannan motoci biyu ba su da firam na daban irin na babbar mota. Bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyinsu, don haka idan tsatsa ta ci shi daga ƙasa, ƙashin bayan motar ta ci.

Kafin ka taɓa ƙarfen kowacce, ka fara duba inda ta rayu. Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuwa yana hanzarta ta ƙwarai. A Jamus ana watsa gishiri a kan tituna lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, tayoyi su yi ta fesa ruwan gishirin nan cikin kowane lungu na ƙasan mota. W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986, idan ta yi shekara goma ko fiye a can, ta riga ta sha wannan kafin ta hau jirgin ruwa, sannan ta zo ta tarar da raɓa da iskar teku ta Legas. Ita kuwa 504, wadda ta fito a Faransa a 1968 kuma aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Turai ta daina yin ta a 1983, idan da gaske a Katsina ta zauna, damina ta 'yan watanni kawai take gani, sauran shekara rani ne da bushewar iska. Zafin ranar da ya koɗar da fentinta shi ne ya kare mata ƙarfe.

Wannan ba ya nufin ƙarfen Fijo ya fi na Marsandi inganci. A gaskiya Mercedes ta fi ta kaurin rufin kariya a ƙasa, kuma a nan ne wahalar dubata take. Wannan baƙin rufi mai kama da roba, idan ya tsufa ya tsage, ruwa yana shiga ƙarƙashinsa ya zauna, ƙarfe ya ruɓe a ciki alhali daga waje ido yana ganin komai sumul. Saboda haka a W123 gani ba ya wadatarwa, sai ka danna da babban yatsa ko ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa yana yin laushi ko ka ji yana ƙas-ƙas kamar busasshen ganye. Ka fara da ramuka huɗu na jak da ke gefen motar a ƙarƙashin ƙofofi, domin su ne sanannen rauninta, kuma ka roƙi mai ita ya ɗaga ta da jak ɗinta a gabanka. Idan ya ƙi, ka riƙe wannan a ranka. Daga nan ka buɗe bonet ka haska tocila a lungunan da hinjin bonet yake kwanciya, inda ganye da ƙura suke toshe magudanar ruwa har ruwan ya huda ya gangara cikin mota. Ka ciro batir ka duba farantin da yake zaune a kai, domin ruwan batir yana cin wurin. Idan tana da rufi mai buɗewa, ka zuba ruwa kaɗan a bakinsa ka ga ko yana fita ta ƙasa, ko kuwa yana ɓacewa a cikin bodi. Kada ka tsaya a ɗaga kafet kawai, ka ɗaga har da kaurin shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, wadda take riƙe ruwa kamar soso.

A 504 tsatsa ba ta cika ɓuya haka ba. Ka duba gefen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da gindin ƙofofin kansu, da kewayen fitilun gaba, da ƙasan gilashin gaba, da saman inda shokazoba na gaba suke ɗaure a cikin ɗakin inji. Abin da ya fi damuna da Fijo ta Arewa shi ne aikin da ta yi. Motar da ta shekara tana ɗaukar buhunan takin zamani ko gishiri, ko ana ɗaure awaki a but ɗinta ranar kasuwa, ƙasan but ɗin yana ruɓewa ko da ba ta taɓa ganin teku ba, domin taki da fitsarin dabba suna cin ƙarfe sosai. Haka kuma lakar damina da ta manne a cikin madugadi tana riƙe danshi har bayan ruwa ya ɗauke. Sannan yawan lodi da miyagun hanyoyi suna tsaga ƙarfe kusa da inda ƙafafun baya suke haɗe da bodi, kuma wurin da mai walda ya taɓa bai shafa masa kariya ba, nan tsatsa take fara kamawa.

Sabon fentin Mercedes ɗin nan shi ne ya fi bukatar natsuwarka. Tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje, kuma ƙurji ɗaya a waje yawanci alama ce ta ɓarnar da ta fi shi faɗi a ciki. Mai gyaran bodi yana iya kankare wurin, ya cika shi da fila, wato ƙullin da ake cike ramin bodi da shi, ya fesa fenti, motar ta yi wata shida tana sheƙi kafin ƙurajen su dawo. Ka je da ƙaramin maganaɗisu mara ƙarfi, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi bakin madugadi da gindin ƙofofi. Inda ya manne a nan amma ya saki a can, fila ce a ƙasa. Ka je da rana tsaka, motar a bushe, domin ruwa da hasken yamma suna ɓoye tudu da kwari a jikin bodi. Koɗaɗɗen fentin Fijo kuwa, in na asali ne, shaida ce a gare ka cewa babu abin da aka rufe.

Wajen gyara ma akwai bambanci. Kayan 504 da masu gyaran da suka san ta suna nan a kusan kowane gari daga Kaduna zuwa Maraɗi, kuma facin ƙasan but aiki ne mai sauƙi. Gyaran ramukan jak da bangon da ke tsakanin inji da ɗakin fasinja a W123 yana bukatar a yanke ƙarfe falle bayan falle, wani lokaci har a cire dashbod, kuma kuɗinsa yana iya haura kuɗin motar.

A ganina, idan ka shigar da su duka biyu rami a gareji tare da mai gyaran bodi naka, ba na dillali ba, kuma Fijon ta fito da ƙasa mai ƙarfi ba tsagewa a ƙafafun baya, ita zan ɗauka. Mercedes ɗin ba zan biya kuɗinta ba sai ta tsaya a kan jak ɗinta a kusurwoyi huɗu ba tare da ƙarfen ya lotsa ba, kuma mai ita ya nuna hotunan yadda take kafin a yi mata fenti.