Na fasa ba kamfani gyaran agogon Baba

Agogon da Baba ya bar mini ƙirar Suwizalan ne na shekarun 1960, irin wanda ake yi wa wani da hannu kowace safiya. Bara ya fara latti, minti uku a rana, wani lokacin ma ya tsaya cik da tsakar dare.

Kamfanin da ya ƙera shi na fara aika wa. Suka turo takardar aikin da za su yi: wanke inji, sabon mai, sabon sifirin, garantin shekara 2. Har nan lafiya lau. Can ƙasa sai na ga za a canza fuska da hannaye, a goge jikin har ya yi ƙyalli. Na roƙi a bar fuskar, suka ce in an bar ta babu garanti.

Ba zan ce ba su da hujja ba. A ƙasan fuskar an rubuta "T Swiss Made T", alamar an shafa wa lambobin wani sinadari mai suna tiritiyom don su yi haske cikin duhu. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan watanni, don haka hasken nawa ya daɗe da mutuwa, fentin ya koma ruwan ƙasa, kuma in ya fara marmashewa garinsa na iya faɗawa cikin inji. Sai dai ni wannan launin nake kallo in tuna hannun Baba. Gugar kuwa ƙarfe take ci. Ƙwarzanen da ke gefen lamba tara zai tafi, gefuna su dakushe, abin da aka goge kuma ya tafi ke nan.

Na karɓo abina na kai wa wani dattijo mai zaman kansa. Ya maƙala madubi a ido, ya buɗe bayan, ya ɗora shi a na'urar da ke sauraron bugu. Irin wannan inji bugu 18,000 yake yi a awa, biyar a daƙiƙa. Ya ce, "Malam, ƙishin mai yake ji. Me da me ba ka so in taɓa?" Tambayar nan ce ta saye ni.

Shi ma ya sa na yi tsaki. Wata ɗaya ya ce, sai da na yi huɗu ina sintiri. Haƙoran wata ƙaramar giya sun cinye, manyan kamfanoni da dama kuma sun taƙaita sayar wa irinsu kayan gyara, dole ya nemo mataccen inji irin nawa ya ciro. Garantinsa shekara 1 ne, ya kuma ja mini kunne kada ruwa ya taɓa shi. Da agogon zamani ne da nake wanka da shi, kamfani zan kai ba shawara.

Yanzu gaba yake yi da daƙiƙa goma a rana. Tsohon sifirin da giyar da aka cire ya ƙulle mini su a 'yar leda, suna nan cikin akwatin agogon.