Nosler Partition a bindigar .308: yadda ya yi a takarda da kuma a jikin dabba

Mai ɗura harsashinsa da hannu, ma'ana mai zuba albarushi a kwanso ya ɗora harsashi da kansa, yana da jaraba guda, wato takardar saiti. Da ya harba biyar a yadi 100 ya ga ramukan sun taru cikin inci ɗaya, shi ke nan, a wurinsa magana ta ƙare. Ni takarda kaɗai ba ta isa ta sa in yabi harsashin farauta ba, shi ya sa sai da na daɗe ina ɗura Nosler Partition mai nauyin giren 165 (giren ƙaramin ma'auni ne da ake auna harsashi da shi) a bindigata .308 Winchester kafin in ce uffan a kansa.

Idan ka tsaga shi a tsaye za ka ga dalma kashi biyu, ta gaba da ta baya, da bango na ƙarfen rigarsa a tsakani. Ta gaba mai laushi ce, tana buɗewa da zarar ta taɓa nama. Ta baya kuwa bangon ya kare ta, ita ce ke ci gaba da tura harsashin ciki ko da ya gamu da ƙashi. John Nosler ya zo da wannan dabara ne bayan wata farauta a British Columbia ta Kanada a 1946, inda harsasansa suka kasa ratsa wani ƙaton mus (babbar dabbar dawa ce mai ƙaho, dangin barewa) da taɓo ya bushe a jikinsa. A 1948 ya fara sayar da nasa, kuma har yau tsarin nan ne.

Wajen ɗuri bai ba ni wahala ba. Gindinsa a shafe yake, don haka sai an ɗan kankare bakin kwanson ta ciki, in ba haka ba ya zauna a karkace ko rigarsa ta ƙarce. Albarushi kuwa, daga mafi ƙarancin abin da littafin ɗuri ya tsara nake farawa, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma bayan kowane harbi sai na duba kwanson. Idan hular tartsatsin da ke gindinsa ta baje, ko sakatar bindigar ta yi tauri wajen buɗewa, matsin ya yi yawa, a koma baya. Ba na ɗaukar awon wani in zuba a tawa, ko da bindigoginmu iri ɗaya ne. Wani ƙaramin sikelin lantarki da na taɓa saya yakan sauya lamba da kansa idan ɗaki ya ɗau zafi, tun daga nan na koma sikeli mai sanda, ina auna kowane ɗuri ɗaya bayan ɗaya. Akwai cin lokaci, amma hankalina ya fi kwanciya.

Abin da ya fi gyara mini saiti shi ne zurfin zaman harsashi a kwanso. Da na riƙa sauya shi da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, ramukan da ke warwatse suka matso kusa da inci ɗaya. Harsashin gasar saiti yana iya fin haka, amma ba don dabba aka ƙera shi ba, kuma wurin huhu da zuciyar barewa ya ninka inci ɗaya sau da yawa.

A jikin dabba ne ya biya ni wahalata. Yawanci yakan shiga bayan kafaɗa ya fita ta ɗaya gefen, ya bar ramin da jini ke zuba, bin sawu ya zo da sauƙi. Wanda na taɓa cirowa a ƙarƙashin fata, gabansa ya tafi, rigar ta naɗe baya kamar bawon ayaba, gindin kuwa lafiya lau. Da na ɗora shi a sikeli, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa yana nan. Ko a kusa, inda gudun harsashi ya fi yawa, ban ga ya tarwatse a kan kafaɗa ba.

Sai dai wannan dalmar da ta tafi, cikin nama ta tafi, don haka ina yanke abin da ke kewaye da raunin da yalwa in zubar. Akwai kuma wuraren da doka ta hana farauta da harsashi mai dalma ɗungurungum, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka tun daga Yulin 2019. Mai farauta a irin wurin nan sai harsashin jan ƙarfe zalla irin Barnes TSX, wanda ya fi tsawo a nauyi ɗaya, kuma dole a sake neman awon ɗurinsa daga farko.